Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Cakulan, A Kan Wa'adinsa Na Daskarewa

Takarda ta fito daga hannun wata baiwar Allah mai toya kek a gida a birnin Kano, zuwa ga Mai Girma Cakulan, ɗan itacen koko, abin marmarin yara da manya. Gaisuwa mai yawa da ban girma da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya ƙara maka daraja, ko da yake, in aka dubi kuɗin da ake sayenka tun 2024, wannan addu'a an riga an amsa ta fiye da yadda mai roƙo ya nufa.

Amma ba'adu, ranka ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne abin da ya gudana tsakanina da kai daren jiya. Maƙwabciyata ta ba ni aikin kek na walimar saukar karatun ɗanta, ta kuma roƙa a lulluɓe shi da kai, domin yaron ya ce ba ya son kowa sai kai. Ni kuwa, da na idar da sallar isha'i, na ɗora ruwa a tukunya, na aza kwano a bakinta yadda tururi zai taɓa gindinsa ba tare da ruwa ya kusance ka ba, na yayyanka ka ƙanana, na yi ta juya ka cikin ladabi har ka narke sumul kana sheƙi, sa'an nan na kwarara ka a kan kek ɗin, na dubi agogo. Littafin girkin da nake bi ya ce minti 20. Suka wuce, na taɓa ka da bakin cokali, ka biyo shi. Sa'a ta cika, ka soma gangarowa ta gefe kana taruwa a faranti. Na ɗauke ka na kai firiji, bisa rangwamen da littafin ya yi wa wanda ya ƙagu, ina rufe ƙofar aka ɗauke wuta. Su masu wutar ba da su nake ba yau. Halinsu sananne ne, kuma ba su taɓa rubuta wa kowa wa'adi a littafi ba. Kai ne aka yi alkawari da sunanka.

To, Allah ya ba ka nasara, duk wanda ya bibiyi wannan mas'ala ta lokacin daskarewarka zai tarar saɓanin da ke cikinta ya wuce misali. Wata riwaya ta ce minti 5 sun wadatar, wata ta ce daga 20 zuwa 30, wata ta ce sa'a guda ko biyu, wata kuma, wadda mai ita da alama ya ɗanɗana halinka, ta ce a bar ka ka kwana. Kowane marubuci yana faɗin tasa da cikakken yaƙini, ba in sha Allahu, ba wallahu a'alamu. Sai mutum ya kai can ƙasan shafi, inda baƙaƙe suke ƙanana, sa'an nan zai ga sharaɗin da dukansu suka yi ijma'i a kansa suka kuma sakaya shi, wai waɗannan mintoci ana ƙirga su ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 18 zuwa 20 ba, wanda su a wurinsu shi ne ɗaki na al'ada. Al'adar wa? A nan Kano, cikin Afrilu da Mayu, ma'auni yakan haura 40 da rana, ɗakin girki mai rufin kwano kuwa, wanda ya yini yana shan rana daga sama da wutar gashi daga ƙasa, ba ya hucewa ko da tsakar dare. Digiri 20 mukan gan shi ne da asubahin hunturu, sa'ad da tsofaffi ke jin ɗumi a bakin murhu, yara kuma suna gudun wanka.

Masana sun yi maka sharhi, kuma sharhin bai wanke ka ba. Sun ce man da ke jikinka, wato man koko, yana da hanyoyi shida na daskarewa, kowace da zafin da take narkewa: ta farko tana sakin jiki tun a wajen digiri 17, ta biyar kuwa, wadda ita ce abin nema, mai sheƙi, mai karyewa ƙas a hannu, tana riƙewa har zuwa wajen 34, ta narke daidai lokacin da ta shiga bakin mutum. Malamai sun daɗe suna tir da mai fuska biyu, ga ka da shida, kuma ba ka nuna ta kirkin sai an cika maka sharuɗɗa. Wajibi ne, in ji su, a narkar da kai zuwa digiri 45 ko 50 domin a rushe tsohon tsarinka gaba ɗaya, sa'an nan a sanyaya ka ana juyawa har ka sauko 27 ko 28, sa'an nan a sake ɗumama ka kaɗan zuwa 31 ko 32, ba ƙari ba ragi. In kuwa ɗan'uwanka mai madara ne, a tsaya a 29 ko 30, domin shi wannan ya fi ka shagwaɓa. Wanda ya cika waɗannan, a ɗaki mai sanyi, kafin minti 5 ka sandare masa; wanda ya kuskure rukuni ɗaya, aikinsa ya ɓaci, sai ya sake daga farko. Na ji, na kuma yarda ilimi ne. Amma ka ba ni fatawa, don girman Allah, a kan yadda ake sauko da abu zuwa 27 a ɗakin da iskarsa kanta take 35, da yadda abin da ke narkewa a 34 zai daskare a wannan ɗaki, ko da an ba shi shekara. Ashe abin da na zauna ina jira jiya, da mafici a hannu, mustahili ne, littafin kuwa ya kira shi minti 20.

Sauran laifuffukanka ba zan tsawaita a kansu ba. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa maka kana narke, ka dunƙule ka ƙi motsi. A kusantar da kai ga wuta kai tsaye, ka ƙone ka yi ɗaci. A ajiye ka kusa da albasa ko daddawa, ka kwashe warinsu kaf ka kai wa baƙi. Wutar da aka ɗan leƙo da ita kafin asuba ma ba ta amfane ni da kome ba, domin da na fito da kai sai raɓa ta sauka a fuskarka, ta narkar da sukarin sama, ta bushe ta bar ka fari-fari, har maƙwabciyata ta tambaye ni, cikin kunya da kawaici, ko tsohon cakulan na yi amfani da shi.

Kai, Cakulan! Bari in ajiye ranka ya daɗe a gefe, mu yi magana ta sanayya. Wa kake yi wa yanga da zafi? A ina aka haife ka? Uwarka itaciya ce da ba ta rayuwa sai a ƙasashen zafi da ruwa, kusa da tsakiyar duniya, sanyi kaɗan ya buge ta ta mutu. Kakanninka a ƙasar Meziko sha ake yi, mutanen Aztek suna dama su da ruwa da barkono, ba wanda ya taɓa zama da agogo yana jiran su sandare. A 1879 Tetteh Quarshie ya shuka irinka a Mampong ta ƙasar Akwapim a Gana, bayan ya ɗauko shi daga tsibirin Fernando Po, yau ga shi wajen rabin kokon duniya daga Gana da Kwaddibuwa yake fitowa, ban da na Ondo da na Kamaru. 'Yan cirani daga arewa kuwa sun zubar da gumi a gonakin Asante suna fasa ƙwansonka da adda tun kafin a san da firiji a yankin nan. Ana tara 'ya'yanka a rufe su da ganyen ayaba kusan mako guda, tulin ya ɗau zafi har ya doshi digiri 50, ba ka ce uffan ba. A shanya ka a rana kwana da kwanaki, ba ka ce uffan ba. Sai da aka ɗura ka a buhu aka tsallaka teku da kai, Van Houten ya matse maka mai a Holan a 1828, gidan Fry suka zuba ka a mazubi suka mai da kai sanda a Biristol a 1847, Lindt ya niƙe ka luƙui a Bern a 1879 ɗin nan dai, sa'an nan ka dawo mana a nannaɗe cikin takarda mai ƙyalli kana cewa iskar ƙasar nan ba ta karɓe ka ba. Halinka sak na yaron da dangi suka yi karo-karo suka tura Ingila kwas na wata uku, ya dawo yana toshe hanci a zaure, yana cewa tuwon uwarsa yana ƙulle masa ciki. Wannan butulci ne, kuma kafirce wa ni'ima ne, ba wani sunan da zan sakaya shi da shi.

Kada kuma ka kawo mini uzurin ɗabi'a, ka ce haka aka halicce ka. A 1943, da sojan Amurka suka buƙace ka a fagen fama a ƙasashen zafi, kamfanin Hershey ya fitar da wani nau'inka da ke jure sa'a guda cur a zafin digiri 49 bai rushe ba. Ashe kana iyawa, sai dai ga mai bindiga. Su Turawan da kake taƙama da su ma, a dokar da suka yi a shekarar 2000, sun halatta a gauraya ka da wasu mayukan itace har kashi 5 cikin 100, a cikinsu har da man kaɗe, wanda matan karkararmu ke tsintar 'ya'yansa da sassafe a farkon damina. Ka ga ke nan ko a can da man gida ake tallafa maka, kana ci kana musun dangantaka. Ƙaninka na jabu, wanda aka zare wa man koko aka cusa masa man alayyadi, shi ba ya gindaya wa kowa sharaɗi, zuba shi kawai ya kama jikinsa. Aibinsa ɗaya, yakan bar wa mutum maiƙo a ganɗa har azahar. Tuwon madara da gullisuwa da alewa kuwa, waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba, ana sauke su a shimfiɗa a faranti, kafin a wanke tukunya sun isa yanka, ba su san ma'aunin zafi ba, ba su san masu wuta ba.

Saboda haka buƙatata guda ce, kuma ba ta fi ƙarfinka ba. Ka umarci marubutanka da masu nannaɗe ka su riƙa faɗin gaskiya da manyan baƙaƙe a inda ido zai gani, su ce minti 20 a Bern, minti 20 a Biristol, a Jos a gwada da daddare, a Kano da Sakkwato da Damagaram kuwa, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, kada mai saye ya sa rai. Kafin ka yi haka, ina sanar da kai cewa ba za ka sake hawa kek ɗina ba sai Disamba, in hunturu ya kankama, shi ma da asuba, taga a buɗe, kuma bisa sharaɗin mai aikin ta biya kuɗinka tun gaba.

Haza wasalam.

Taka mai saye, wadda ba ta huce ba.