Bahon Gimbiya

A gonar maigidana da ke bayan garin Shahaniya a ƙasar Katar, kowa ya san matsayinsa. Maigida ne a sama. Daga shi sai Gimbiya, sai raƙuman tsere, sai motoci, sannan mu. Gimbiya macen shaho ce, irin wadda Larabawa ke kira hurr. Nauyinta bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, amma ranar da wani direba ɗan'uwana ya raɗa min kuɗin da aka saye ta, sai da na nemi wuri na zauna. Tana da takardun tafiya. In za a je farautar hubara, dangin tujen nan, a cikin jirgi take zama tare da fasinjoji, ba a wurin kaya ba. In ta yi atishawa, akwai asibitin shaho sukutum a kasuwar Wakif cikin Doha, ni ne kuma mai tuƙa ta. Tun 2010 UNESCO ta sa farauta da shaho cikin al'adun gadon ɗan Adam, Katar na cikin ƙasashen da suka nemi hakan. Tuƙin mota dai har yau ba a sa shi ba.

Da zafi ya shigo farauta ta ƙare, sai shaho ya shiga sauya gashi. Wata da watanni Gimbiya na ɗakinta mai yashi a ƙasa da na'urar sanyaya ɗaki a sama, tana cin salwa da tantabara, tsohon gashi na zuba sabo na tsirowa. A wannan lokaci wanka ba kwalliya ba ce, shi ke gyara gashin. To, robar da take wanka a ciki ta yi zurfi, bakinta kuma kaifi gare shi, rannan sai ga gashin jela ɗaya ya karye. A asibiti suna da dabarar dasa wani: a samo gashi mai kama da shi cikin waɗanda aka adana, a zura siririn tsinke a ramin biyun, a liƙe. Amma maigida ya rantse ba za a kuma ba. Baho yake so na musamman.

A nan Baba ya shigo maganar. Baba Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno, shi ke dafa mana abinci, shi ke zuba gahawa a majalisar maigida. Wata rana muna hira na taɓa gaya masa cewa yayana yana gyaran bambar mota da faiba a Ƙofar Ruwa a Kano, nakan je in zauna a wurinsa. In zauna na ce. Da Larabcinsa mai santsi Baba ya sanar da majalisa cewa ai babban injiniyan faiba na Najeriya yana nan yana wanke mota.

"Baba, me ka ce musu?"

"Arzikinka na faɗa, ɗan nan. Ka tashi ka gaida mutane."

Mai kula da Gimbiya wani dattijo ne Baluce, wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Ya zana min abin da ake so da sanda a ƙasa. Faɗi kamar santimita 75, don ta buɗe fukafukai ba tare da sun daki gefe ba. Ruwa kada ya wuce santimita takwas zuwa goma, ya rufe ƙafafu ya taɓa ciki, shi ke nan. Baki mai kauri, zagayayye, yadda farata za su kama. Kada a sami kaifi ko na ƙwayar gero. Ya gama ya share zanen da tafin ƙafa ya tafi.

Aikin faiba a baki ba wuya. Ka sassaƙa siffar abin da kake so, ka shafe ta da kaki don kada aiki ya manne, ka shafa fentin fuska, ka shimfiɗa tabarmar zaren gilas, ka jiƙa ta da rezin da aka gauraya da hadina mai daskarar da shi, ka bi da rola ka kori iska, ka jira ya daskare, ka ɓamɓare. Haka ake ƙera ƙananan jiragen masunta da ke cike a bakin tekun Alkor. Na sayo kaya a unguwar masana'antu, na dawo ina tafiya irin ta masu ilimi.

Siffar farko da farin soson nan na cikin kwalin firiji na yi ta, don yana da daɗin yanka. Na kife ta a kan tebur, ta fito ras. Baba ma sai da ya ce tubarkalla. Na dama rezin na zuba. Ina tsaye ina kallo siffar ta fara tsuma, ta lotsa a tsakiya, ta durƙusa, ta narke ta bi ƙafar tebur. Rezin ɗin da ake aikin faiba da shi yana da sinadarin sitirin, shi kuwa farin soso da sitirin aka yi shi, in sun haɗu ɗaya shanye ɗaya yake yi. Mai shagon da ya sayar min ya ga soson a bayan mota da idonsa, ya karɓi kuɗinsa ya yi min fatan alheri.

Baba ya leƙo da ludayi a hannu. "Ɗan nan, ina bahon?"

"Gwaji nake yi, Baba."

"To, gwajin ya kai takalminka."

Na koma katako da bodi fila, na goge da samfefa har yatsuna suka daina buɗe waya. A nan ne basira ta zo min. Na ce me zai sa ruwa ya riƙa fantsama waje yana jiƙa yashin ɗaki? Sai na lanƙwaso bakin bahon ciki kaɗan, ya zama ƙasan ya fi saman faɗi. Har yau ina ganin tunani ne mai kyau.

Hadina kuwa, a jikin gwangwani an rubuta kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo na rezin. Wanda ya rubuta hakan yana zaune ne a ƙasar da zafi ba ya wuce digiri ashirin da 'yan kai, inda mutum ke da kusan kwatan awa ko fiye ya yi shafe-shafensa a natse. Ni kuwa ina tsakar gida a Katar, watan Yuni, bayan azahar, zafi ya haura arba'in. Kuma ni ba a san ni da rowa ba, na ƙara masa ɗan ihisani. Ban kai rabin shafa ba kofin ya ɗauki zafi a hannuna. Na dire shi. Ya fara hayaƙi, ya yi ƙara, ya tsage, burushin na tsaye ƙyam a tsakiya. Har gobe yana nan a tsaye. Da shi Baba ke tokare ƙofar kicin. Daga ranar na mayar da aiki bayan sallar asuba.

Ba wanda ya gaya min zancen ƙaiƙayi. Zaren gilas in ka yage shi, ɓurɓushinsa ba ya ganuwa, amma ya fi ƙaiƙayin gero iya shiga riga. Na yi wanka da ruwan famfo, wanda a can da rani tafasasshe yake fitowa, abin ya ƙara kamawa. Ranar Juma'a a sahu na yi ta fama, kafaɗa na motsi ita kaɗai. Bawan Allah da ke damana, ana sallamewa ya dube ni da tausayi, ya kwatanta min wani asibitin fata.

Da aikin ya daskare na zo ɓamɓarewa, ya ce bai san zancen ba. Abin da ƙasansa ya fi bakinsa faɗi ba ya zamewa daga mazubi, ko da kakin duniya ka shafa. Dole bango ya ɗan buɗe waje. Na sa tsinken katako, na ɗura ruwa ta gefe, na kira masu kiwon raƙuma biyu muka ja, su can ni nan. A ƙarshe kurfi da guduma na sa na farfasa siffar daga ciki, na kwashe ta guntu-guntu. Baho ya fito, siffa ta riga mu gidan gaskiya.

Amma fa ya yi kyau. Fari tas, yana ɗaukar ido. Baluce ya sunkuya ya sansana, ya girgiza kai. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, bayan huhu yana da jakunkunan iska a jiki, warin da zai sa mutum ciwon kai shi kashe shi zai iya yi. Aka bar bahon a rana, ana cika shi da ruwa ana zubarwa, sai da hancin dattijon ya yarda.

Ranar buɗe baho maigida da kansa ya zo, har da baƙi biyu. Aka cire wa Gimbiya hular fata. Ta dubi bahon, ta dube ni. Ta yi tsalle ta sauka a bakinsa, farata suka nemi abin kamawa suka rasa, ta zame, ta tafi da baya cikin ruwan, ƙafafu a sama. Tsuntsuwar da ke kakkaɓo hubara daga sama! Ta fito a jiƙe sharkaf tana ihu, ta koma turkenta ta juya mana baya. Baluce ya bi gashin jelar ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, ni kuma ina ƙirga kuɗin tikitin Kano a zuci. Ba wanda ya karye. Maigida bai ce uffan ba, ya gyara rawaninsa ya fita. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Na ce ƙila farin ne ya firgita ta. Na kankare ƙyallin da samfefa, na haɗa fentin gamawa mai launin ƙasa, na shafa ciki da baki, na bar shi a fili ya sha iska. Iskar kuwa ta amsa gayyata. Shamal ce, iskar arewa maso yamma da ke tasowa a wannan yanki da rani, ta zo da rabin hamada a bayanta. Kafin in fito daga ɗaki fentin ya sha yashi ya ƙoshi, ya daskare da shi. Na shafa, kaushi ko'ina. Na ja shi bayan ɗakin janareta na kife, na ci gaba da wanke mota, ina kauce wa hanyar majalisa.

Can bayan an kwana biyu sai na hangi Baluce ɗauke da shi a ka. Ashe ya tsinto shi, ya shafa tafin hannu a kai, ya sansana, ya rage tsinin yashin da samfefa mai laushi, ya wanke. Na bi shi na laɓe a taga. Gimbiya ta sauka a bakin bahon, farata suka kama daram. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta daɗe tana shawara. Ta kurɓi ruwan sau biyu tana ɗaga kai. Sai ta taka ciki a hankali, ta saki gashin cikinta, ta durƙusa, ta tsoma kai ta watso ruwan ta bayanta, ta shiga kaɗa fukafukai har ruwa na dukan bango, lanƙwasar da na yi don tare shi ko a jikinsa. Da ta gaji ta hau turke ta baza fukafukai, ta kama bin gashinta da baki ɗaya-ɗaya. Baluce ya waiwayo ya ga ƙeyata, ya ɗaga min babban yatsa. Wannan ce doguwar hirar da muka taɓa yi da shi.

Daren nan a majalisa Baba ya bayyana cewa yashin sirrin sana'a ne, injiniya da gangan ya jira shamal, don yashin da iska ta tankaɗe ya fi na hannu. Kafin a kwashe kofunan gahawa abokan maigida sun yi odar nasu, kowa yana so kafin baje kolin shaho na S'hail da ake yi a Katara cikin Doha a watan Satumba. Baba ya karɓi kafin alƙalami a madadina, ya cire ladan baki.

"Baba, da me zan yi su? Siffar na farfasa."

"Ka ɗauki sabon mazubi a jikin wancan mana. Kai ne fa injiniyan."

Haka ne, ana yi. Sai dai bahon zai bar ɗakin na wasu kwanaki, a shafe shi da kaki, ya sake ɗaukar wari. Na sami Baluce na yi masa bayani da hannu da ƙafa. Ya saurara har na gama, sannan ya cire safar fatar da ke hannunsa ya miƙo min, ya buɗe ƙofar ɗakin, ya matsa gefe. Gimbiya na tsaye a bakin bahon da ƙafa ɗaya, ba hula a kanta.

Na ce masa bari in fara duba man mota tukuna.