Basarke Da Fartanya A Kafaɗa

Kai Basarke, bawana, an ce bana ma an hango ka a busasshen tafki can wajen Nguru, ba koma ba homa, sai fartanya a kafaɗa. Da aka tambaye ka sai ka ce wai su za ka. Su a tsandauri? Haƙan gaiwa dai, faɗi gaskiya. Mu mahauta ba mu taɓa tono sa daga ƙarƙashin ƙasa kamar rogo ba.

Ita kanta gaiwar ba ta yarda da sana'arku ba. Huhu gare ta har biyu, dole ta riƙa leƙowa sama tana shan iska, in kuwa tarunka ya danne ta a ƙasan ruwa sai ta nutse ta mutu. Kifi fa ke nan! Da kaka ta wuce fadama ta fara ƙafewa, sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jela ta rufe ido, ta feso yauƙi ya bushe ya zame mata kube, ta bar 'yar kafa ɗaya daidai bakinta don numfashi. Nan za ta kwanta har damina, ba ci ba sha, tana narkar da tsokarta kaɗan kaɗan. Masana sun ajiye ta a haka ta haura shekara 3 da ranta. Kai ko azumin nafila sai an yi da kai.

Ruwa na sauka ta farka da yunwar wata shida. Haƙoranta faranti ne masu niƙe dodon koɗi da kwaɗo, kuma ba ta raina yatsan masunci, kai ka fi ni sani. Namijin ne ke gadin ƙwai a rami, abin da ya fi burge ni ke nan.

Kada ka yi taƙama wai taku ce ku kaɗai. Tana kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi, tana Sanagal da Gambiya. Danginta na Kwango da tafkin Biktoriya, inda mutanen Uganda da Kenya ke saye da tsada, wasu ma har Amurka ta Kudu da Ostareliya.

Maganar ci kuwa, zan yi maka adalci ko da ba ka cancanta ba. Tsoka ce zalla mai gina jiki, ƙashinta yawanci guringuntsi, ba ƙayar da za ta maƙale wa yaro a wuya. In ta sha banda ta shiga miyar kuka, to, ba laifi. Amma kada in ƙara jin ka haɗa ta da tozo ko balangu a gaban mutane.

Na ji ka tono bakwai. Biyu na ubangidanka ne, ka kyafe su da kyau ka ba direban Gashuwa ranar kasuwa. Kuɗin mota kuma kai za ka biya.