Taubashi, wa ya fara cin amana?

Kai ɗan mace, an ce har gobe in aka ambaci Van Persie a gidan kallo sai ka tofar da yawu ka ce maci amana. Tun 2012 fa! Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar ya isa zuwa gona shi kaɗai, kai kuwa miki bai warke ba.

Bari in tuna maka, tunda ku 'yan Arsenal akwai mantuwar ganganci. Shekara takwas bawan Allahn nan yana yi muku bauta, abin kirkin da ya ɗaga bai wuce kofin FA na 2005 ba. A kakarsa ta ƙarshe ya zura ƙwallo 30 a Firimiya, kuka ƙare na uku kuna washe baki. Ferguson, kocinmu na Manchester United, ya taya, naku kocin Wenger ya sallama a fam miliyan 24. Ciniki ne aka yi da rana tsaka, ina satar take? Shekara na zagayowa ya ci mana 26, har da uku rigis a ragar Aston Villa daren da Manchester United ta ɗauki kofinta na 20. Sai wurin da ba ka son a taɓa: a filinku na Emirates, 'yan wasanku suka jeru sahu biyu suna tafa masa kamar 'yan rakiyar ango. Ranar ce ka ce hayaƙin janareta ya shige maka ido.

Da Sol Campbell ya tsallako muku daga Tottenham a 2001, ko sisi ba a ba maƙwabtanku ba, ai ban ji ka kira shi maci amana ba, cewa kuka yi ya shiryu. 'Yan Barcelona su aƙalla sun nuna zuciya, kan alade suka jefi Figo da shi a 2002 don ya koma Real Madrid. Kai ko ɓawon rake ba ka jefa ba, talabijin ka yi ta zagi.

Na san za ka ɗauko mini Mikel Obi, ɗan Jos da ya ɗauki hoto da rigarmu sannan ya zarce Chelsea. To, fam miliyan 12 muka karɓa bai taɓa mana ƙwallo ba. Allah Ya maimaita mana irin wannan asara.

Wai ma tsaya. Wa ya tattara komatsansa ya bar Tsohon Birnin Gwari, garin kakanni, da gona da iskar daji, ya koma Sabon Birni bakin kwalta don can ciniki yake? Sai da Sallah kake leƙo mu da sabuwar shadda kana ce mana mutanen ƙauye. Shi Van Persie da ya tashi kuɗi ya bar muku. Kai kyauta muka bayar da kai, kuma har yau ba wanda ya tambayi ina ka shiga, in ban da ni da nake bin ka kuɗin sharar bara.