Allah Ya Saka wa Magada da Alheri

A ƙasar Gwiwa akwai wasu bayin Allah da har yau ba a yi wa walimar karramawa ba, alhali sun ci a yi musu. Ina nufin magadan malamai, waɗanda aka mutu aka bar wa littattafan rubutun hannu, suka tattara suka zuba a adaka, suka danna kwaɗo, suka tura ta ƙuryar ɗaki. Tun Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819 ake kwafar Risala da Ishiriniya da Ashafa a wannan yanki, amma ba a taɓa samun masu riƙon amana irin na yanzu ba. Kakanni dai hannu suka yi ta sa wa littafi har gefensa ya yi baƙi. Jikoki kuwa, don tsabar ladabi, ko kallonsa ba sa yi.

Ga kuma karɓar baƙi. An ce baƙonka annabinka, su kuwa sun riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Baƙuwar tasu ita ce kwarkwatar littafi, wata 'yar mitsitsiyar halitta mai ruwan ƙasa-ƙasa da tsawonta bai fi milimita 1 zuwa 2 ba. Ka buɗe warƙa, sai ka rantse ɗigon harafi ne ya gaji da zama ya kama gudu. Ba ta cizon mutum, ba ta da hayaniya. Abincinta fumfuna da ɗan abin da aka manna takarda da shi, tana ci tana kankare fuskar shafi a hankali. Buƙatarta ɗaya ce, laima. In danshin iska ya haura kashi 60 cikin ɗari ta samu gida, in ya sauka ƙasa da 50 sai ta bushe ta mutu. To a Gwiwa, inda hunturu ke tsaga leɓe, da ba don karamcin magada ba ina za ta kai labari?

Sai ka ga dabara. An ajiye adaka a ƙasa, an jingine ta da bangon da ke shan ruwan Agusta, an rufe taga don kada iska ta dami baƙuwa. Wani mai zurfin tunani har leda yake naɗe gafaka da ita, yadda gumin da ya shiga ba zai sake fita ba. A gefe ga buhun gero, domin ita ma tana taɓa hatsi, kada marmari ya kama ta a rasa. Ba su ma da wahalar aurar da ita: akwai irin da macen ke hayayyafa ba namiji, cikin wata guda 'ya ta zama uwa. Ba lefe, ba kayan ɗaki.

Masu ɗora wa kansu wahala su ne ma'aikatan taskokin tarihi na duniya. Wai a ɗaga akwati daga ƙasa, a bar iska ta ratsa, a share ƙura da buroshi mai laushi, a ɗana takarda mai danƙo a ga abin da ke yawo, wanda ya kamu a ƙunshe shi a sa a firiza kwana da kwanaki. Mutanen Tumbutu ma da suka gudu da littattafansu Bamako a 2012, suna isa suka shiga neman injin tsotse laima. Kai, jama'a, ina dalili! Namu in abin ya ishe shi sai ya kwarara fiya-fiya a kan tawada, ƙwaro ya tafi, rubutu ya raka shi.

In wani ɗalibi ya zo da shawarar a kai Arewa House ta Kaduna, wadda aka kafa tun 1970 don irin wannan aiki, ko dai a bari ya ɗauki hoton shafukan, amsa a shirye take.

"Ai Malam, kayan gado ne. Sai Yaya ya dawo."

Yaya kuma yana Legas, makulli na aljihunsa.

Babbar falalar wannan tsari sai ranar rabo take bayyana. Da littattafai ne, da an yi ta ja-in-ja a kan wa zai ɗauki Muhtasar, har a kai gaban alƙali a ɓata zumunci. Yanzu kuwa an fasa kwaɗo, kwarkwata ta yi share fage, gara ta ƙarasa. Sai a kawo tiya a auna garin takarda, namiji kashi biyu, mace ɗaya, a shafa fatiha kowa ya kama gabansa.