Gaisuwar Suruki a Cikin Kanal

Da auduga a kunnen hagu nake rubuta wannan, don ruwan Bakolori da ya shiga shekaranjiya bai gama fita ba.

Bashin gida ne ya kai ni. Ciki biyu da falo na saya a bayan gari, nan Talatar Mafara, da rancen ƙungiyar adashen ma'aikata ta wurin aikinmu. Duk wata ana yanka daga albashi, takardun gidan kuma suna kulle a durowar sakatare sai ranar da na cika. Abokai sun so in nemi na asusun gidaje na ƙasa, tunda dama tun dokar 1992 ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa dominsa, ga shi ana ba mutum har shekara 30 yana biya. Da na ji akwai kuɗin ruwa kashi 6 a ciki, na ce a kai kasuwa. Na ƙungiya ba ruwa, illa dai kullum sakatare sai ya gaishe ka da fara'ar mutumin da ya san inda gidanka yake kwana.

Ni kuwa malamin lissafi ne. Wani dare na juya bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, na buga, na gano cewa in na sallami mai wanki da guga, na rage kurar ruwa, na riƙa tura rarar ga ƙungiya, zan karɓo takarduna wata bakwai kafin wa'adi. Dama tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 jarkar ruwa ta zama abin da sai an yi shawara kafin a kira mai kura.

Matata Maman Ummi ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To Malam, wa zai yi wankin?" Na ce ni. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Kuma abin ya fara tafiya. Na yi shara, na yi wanke-wanke, na koyi hura gawayin dutsen guga, duk da akwai kaftanin da yanzu ba ya fita sai a ƙarƙashin babbar riga. Da na kai ƙari a ƙarshen wata, sakatare ya sauke tabarau ya ce, "Malam, ko kwangila aka samu?" Abu ɗaya ya rage yana ci mini rai: ruwan wanki. Ga ruwa kubik mita miliyan 450 da aka gina dam ɗin Bakolori domin ya tare, ga kanal ya ratsa ta gefen gari yana tafiya Bakura kyauta, a ce ni ina sayen jarka don ɗaurayar wando?

Na zaɓi Talata da gangan. A lissafina, ranar kasuwa ce, hankalin kowa yana cikin gari, bakin kanal ba kowa. Da aka sallame sallar asuba na ɗaure baho da ƙunshin wanki a bayan babur. Maman Ummi ce ta ƙulla ƙunshin, ƙulli mai kyau. Na bi hanyar bakin kanal har na daina ganin rufin kwano, na tuɓe na bar singileti da gajeren wando. Hula kam ban cire ba. Malami ba ya zama a waje kai ba hula.

Ina kwance ƙunshin na ga abin da ta yi. A saman kayana ga zanin ankonta kore, ga ɗankwalinsa, ga kuma fatari ja jawur. Na duba gabas na duba yamma, na ce bari in fara da waɗannan in ɓoye su a ƙasan baho kafin gari ya waye sosai.

Wanda bai san kanal ɗinmu ba, siminti ne aka shafe gefensa a gangare, daga inda ruwa ya tsaya zuwa ƙasa kuma gansakuka ce. Tun da aka gyara shi a aikin TRIMING na Bankin Duniya, ruwa gudu yake yi, manoman shinkafa suna ta sa albarka. Da shekarun baya ne da laka da ciyawa suka cushe shi, da abin bai kai haka ba. Na cuɗa fatari na saɓa a kafaɗa, na ware zani a kan ruwa zan ɗauraye. Ruwa ya cika shi, ya ja, ni ma na ja, ƙafata ta taka gansakuka. Sai ga ni a tsakiya, ruwa iya ƙirji, zani ya kama hanyar Bakura. Fatarin na cafke da hannun hagu.

Na yunƙura in hau, na zame. Na sake, na zame.

"Sannu da aiki, yaro. Wanka kaka yi ko wanki?"

Wani dattijo ne zaune a kan ƙaramar gada da fatsarsa. Ashe tun zuwana yana nan.

Na ce, "Baba, don Allah miƙo mini sandarka."

Ya dubi sandar, ya dube ni. "Wagga ta dogarawa ta, ba ta jan mutum ba ta. Hita ta inda kash shiga."

Na ce ai nan ɗin ne ke zamewa.

"Dole shi zame. Ni da hannuna niz zuba simintin ga, zamanin Impresit. Italiyawa ba su yi shi don a hau ba, sun yi shi don ruwa shi wuce." Ya gyara zama, da alamar labarin zai kai mu har 1978 da aka gama dam ɗin. "Da ka tambaye ni tun ɗazu, da na ce maka kak ka hwaɗa."

A nan na fara jin ƙarar babura. Hanyar bakin kanal, jama'a, ita ce hanyar da ƙauyuka ke bi su shigo kasuwa. Ga 'yan kabu-kabu da buhunan shinkafa, ga jakuna da dankali, ga raƙumi yana tafe da albasa yana kallona daga sama. Wasu yara biyu a kan amalanke suka haɗa baki, "Ina kwana, sa!" 'Yan ajina ne. Na amsa da kai, irin na mutumin da ya shigo auna zurfin ruwa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wani babur ya rage gudu daidai inda na kafe nawa, ya tsaya. Mai shi ya dubi lambar babur ɗina, ya dubi ɗankwalin da ke cikin baho, wanda shi ya sayi turminsa lokacin bikin autarsa. Baba Alhaji ne, mahaifin Maman Ummi, ya taso daga gonarsa ta shinkafa.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa tsayawa a miƙe a gabansa ba. Ban taɓa cin abinci ya gani ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, daga nesa nake cire takalmi. Saboda haka gwiwoyina ba su nemi shawarata ba. Suna ganinsa suka lanƙwashe. Na ce, "Barka da asu..." sauran kalmar a ƙarƙashin ruwa na ƙarasa ta.

Na ɗago ina tari. Hula ta tashi daga kaina, ta juya sau ɗaya a kan ruwa, ta bi sawun zani.

Shi kuwa Baba Alhaji mutum ne mai kunya. Bai dube ni ba. Ya kafa ido a kan wata gona da ke tsallake, ya kashe babur, ya fara gaisuwa daga tushe, domin in ya gajarta ta, ya nuna ke nan ya ga wani abu.

"Mun kwana lafiya, Malam?"

"Lafiya lau, Baba." Na duƙa. Ruwa ya shiga hanci.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Na duƙa.

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Daga kan gada dattijo ya ce, "Yaro, in za ka duƙa, riƙe hanci." Ya juya wajen surukina. "Alhaji, ɗanka na? Kai, ya samu tarbiyya. Yaran yanzu ko bisa tudu ba su duƙawa."

"Ya iyali?"

A daidai nan na tuna abin da ke hannuna na hagu. Na cusa shi cikin ruwa in ɓoye a bayana. Ruwa ya shige shi, ya hura shi, ya taso da shi ta gefena, ja jawur, ya buɗe kamar laimar mai tsire. Na danna wannan gefe, wancan ya kumburo. Da hannu ɗaya ina kokawa da fatarin 'yarsa, da baki ina cewa, "Suna lafiya, Baba, suna gaishe ka."

Ba a daɗe da yin ruwan farko ba, ga shi Baba Alhaji manomi, gaisuwar damina tana kan harshensa. Na ga leɓensa ya motsa, na ga ya so ya tare ta, amma ta riga ta fito.

"Ya ruwa?"

Kanal ya yi tsit. Mai raƙumi ya ja akala ya tsaya. Ruwa yana zuba daga gemuna, na buɗe baki na ba da amsar da aka koya mini tun ina yaro: "Ruwa ya yi gyara, Baba." Na kuma duƙa.

Dare biyu ke nan ina maimaita wannan wuri. Na gwada shi ta kowace fuska. Da na nutse na ƙi fitowa, numfashina ba zai kai ƙarshen gaisuwar Baba Alhaji ba, don bayan ruwa akwai "ya ƙoƙari" da "ya haƙuri da jama'a". Da na saki fatarin, da ya wuce ta gabansa a buɗe yana lilo. Da na tsaya a miƙe na gaishe shi, da an ce surukin Alhaji ya yi boko ya fi ƙarfin durƙuso. Duk inda na buga, amsar ɗaya take fitowa, ita ce wadda na bayar. Abin da ke hana ni barci shi ne muryar da na faɗe ta da ita: a natse, da ladabi, har da ɗan murmushi.

Baba Alhaji ya ce, "Madalla," ya taka kik. Babur ya ƙi tashi. Ya sake takawa, shiru. Dattijo ya ce, "Sanyi na yas shige shi. A jingine shi ga rana, kahin azahar shi tashi." Sannan ya nuna ni da sandar da ba ta jan mutum. "Alhaji, wancan jan abin kuwa na wa na?" Ban taɓa ganin mutum mai shekarun surukina ya tura babur da gudu irin na ranar ba. 'Yan ajina suka taya shi. Da injin ya kama, bai waiwayo ba, ya ce wa iska, "A gaida mutanen gida."

Mai raƙumi ne ya jefo mini igiya. Ina zaune a bakin siminti ina karkarwa, dattijo ya sauko ya zauna kusa da ni, ya ce mi yak kawo malami wanki kanal. Na zayyana masa komai, da ƙungiya da durowa da wata bakwai. Ya daɗe yana kallon ruwa.

"Mu nan aka ɗauke gonakinmu, anka ce a biya mu diyya. Munka jira, munka gaji, munka tare hanya. Ka san abin da anka yi muna." Na sani. Duk ɗan ƙasar nan ya san watan Afrilun 1980, da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta, aka kashe mutane da yawa. Na yi shiru. Shi ma ya yi shiru. Can ya naɗe zaren fatsarsa ya ce, "Abin da nika son gaya maka, mai bin bashi shi ka gaggawa. Ban taɓa ganin wanda aka bi yana gudu ba, sai kai."

Na ce to zanin fa, Baba?

"Kak ka damu. Ruwan ga ba shi ɓata hanya. Bara akuya tat tahi haka, Bakura anka tsince ta."

Na ce da rai?

"A'a. Amma an tsince ta."

Labari ya riga ni isa gida. Maman Ummi ta karɓi baho, ta ɗaga fatari ta duba, ta ce bai fita ba, ta shige ɗaki. Na ji tana waya da yayarta, rabin maganar ba ta fitowa saboda dariya. Da la'asar aka yi sallama, na leƙa, sai ga mai kura da jarkoki cike, ya ce Alhaji ya biya na wata guda. Bayan magariba mai wankina ya iso da kansa, ya ce an aiko masa ya dawo bakin aiki, ya kuma tambaye ni, da fuskar tausayi, ko akwai abin da ya rage a kanal a je a ɗauko.

Jiya na sake juya bayan takarda. Turmin atamfa, hula, maganin kunne, da kuɗin mai wanki da aka ce yanzu ya ƙaru: rarar da na kai wa sakatare ta tafi, har da ɗoriya.

Don haka jama'ar Bakura da ƙauyukan bakin kanal, wanda ya tsinci hula ƙube mai ruwan toka ya riƙe, na yafe masa. Zani kore kuwa, a taimaka a bai wa kowane ɗan kabu-kabu mai zuwa Mafara, a ce a kai wa malamin lissafi. Ba sai an yi masa kwatance ba, duk sun san gidan.