Masu Zuwa Intabiyun Shiga Jami'a, Kowa da Halinsa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan masu neman gurbi a manyan jami'o'in Amurka sun tura takardunsu, saƙo kan shigo cewa ana son ganawa da su. A Harvard da Yale da Princeton da MIT, galibi tsohon ɗalibi ne yake ba da lokacinsa kyauta, a shagon shan kofi ko ta Zoom, minti 30 zuwa awa guda. Ba shi ke ba da gurbi ba, rahoto kawai zai rubuta. Amma ɗan zaman nan ya isa ya tona halin kowa.

Na farko shi ne Gardi. Ya haddace amsoshinsa tamkar allo. Da an ce masa "ba ni labarin kanka", sai ya ja baƙi ba numfashi. Kuskure ɗaya ne a katse shi da tambaya a tsakiya: zai yi tsit, ya dubi silin, ya koma tun daga sunansa.

Na biyu Maroƙin Kansa. Shi ne shugaban ƙungiyar muhawara, shi ne kaftin ɗin ƙwallo, shi ya kafa gidauniyar marayu yana aji uku. Ka tambaye shi rauninsa, ya ce aiki ne ya yi masa yawa saboda kowa shi yake nema. An ce yabon kai jahilci, amma shi bai zo makaranta ba ranar da aka yi wannan darasi.

Sai Ɓatan Kai, wanda ya nemi jami'a goma sha biyar har lissafi ya kuɓuce masa. Yana gaban mutumin Yale yana rantsuwa tun yana yaro Harvard yake mafarki. Kamar saurayin da ya je zance ya kira budurwa da sunan ƙawarta, sauran hirar duk ban haƙuri ce.

Akwai Ɗan Lelen Hajiya. Tun da intabiyu ya koma ta intanet a 2020, an samu masu amsawa biyu a kujera ɗaya. Yaro na kallon kwamfuta, gefen mayafi na leƙowa, ana jin raɗa: "Faɗa masa ka zo na ɗaya!"

Akwai kuma Matsoraci, da ya ga an ce ganawar ba dole ba ce, ya ƙi amsa saƙon. Jami'ar Kalifoniya ba ta yin intabiyu, kuma inda ake yi ba a hukunta wanda ba a samu mai ganawa da shi ba. Amma a kira ka ka yi kunnen uwar shegu, wannan ma amsa ce. A Oxford da Cambridge ta Ingila kuwa, inda malamai da kansu suke aza maka matsala a watan Disamba su ga yadda kake tunani, wanda ya gudu ya gudar da gurbinsa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne namu, Mai Alkunya. An rene shi a kan kada ya haɗa ido da babba, kada ya yabi kansa. Ga basira cike da kai, amma amsarsa "eh" da "a'a" da murmushi. A gida wannan tarbiyya ce, Ba'amurke kuwa sai ya ɗauka yaron ba ya son makarantar.

Sai dai Allah ba ya barin bawansa. Wani lokaci yakan haɗa shi da Tsohon Hannu, mai intabiyun da ya gama jami'a tun kafin a haifi yaron. Tambaya ɗaya zai yi, sannan ya kwashe minti 40 yana labarin ɗakin kwanansu da sanyin da suka sha. Gardi zai rasa inda zai saka haddarsa, Maroƙi ya cika ya yi fam. Mai Alkunya kuwa yana gyaɗa kai cikin ladabi, har dattijon ya koma gida ya rubuta cewa ya daɗe bai ga yaron da ya iya hira kamar wannan ba.