Wa'azin Lefe Ba Da Mu Ake Ba

Duk ranar da liman a Birnin Kudu ya taɓo almubazzarancin biki, wato akwatunan lefe na kece raini, gadon Dubai da walimar otal, waɗanda suka fi gyaɗa kai su ne manyan ma'aikatan da ke sahun gaba. Da an sallame kuma, kowa ya ce ai da maƙwabcinsa ake. Hajiya ta ce hassada ce kawai. Alhaji kuwa ya ce shi fita kunya yake yi, ba fariya ba, hannunsa na laluben makullin motar da bai gama biyan bashinta ba.

Manomin Kwandiko, can ƙasar Gwaram, a rediyo yake jin rigimar lefen, yana lissafin buhun gero nawa zai sayar kafin kwano da katifar 'yarsa su haɗu.

Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a Kano a 2014, wasu daga cikin manyan nan suka riƙa ɗaukar hanyar Wudil don su tura keken sayayya a Shoprite, su ɗauki hoto. Wa'azi bai hana su ba. Sai ga cire tallafin fetur a Mayun 2023, sannan Shoprite ɗin ta rufe a Janairun 2024. Yanzu da yawansu sun koma kasuwar gari, suna taya tumatir, suna yabon ƙana'a.